Atomik namba da mas namba a ayon: tambayoyin da yaran lesin ke ta yi min

Ina koyar da kemistiri da yamma a Tudun Wada, duk shekara da JAMB ta matso tambayoyin nan ne dai suke dawowa, shi yasa nace bari in rubuta kowa ya huta.

Malam, in an bani ayon ya zan gane atomik namba?

Atom yana da firoton da nutiron a tsakiyarsa, ilektiron kuma suna kewaye. Atomik namba adadin firoton ne kawai. Ayon kuwa atom ne da ya yar da ilektiron ko ya karɓo wasu, su firoton suna can tsakiya ba abinda ya taɓa su. Kamar keke napep ne da ya taso daga Kawo zuwa Kasuwa, wannan ya sauka wancan ya hau amma lambar keken tana nan yadda take.

Toh in adadin ilektiron kawai aka bani fa?

Nan ne ake kwasar yara wlh. Ace X³⁺ yana da ilektiron 10 da nutiron 14. Alamar 3+ na nufin ya yi asarar ilektiron 3, kuma kafin asarar adadin ilektiron da na firoton ɗaya ne, sai ka mayar masa da kayansa, 10+3=13, aluminiyam kenan. Rabin aji sai su cire su sami 7 su rubuta naitirojin hankalinsu kwance, kuma sau da yawa 7 ɗin na nan cikin zaɓin tana jiran mai gaggawa. In alamar − ce kuma cirewa zaka yi, O²⁻ (oksijin) mai ilektiron 10 firoton ɗinsa 8 ne.

Mas namba fa?

Firoton haɗe da nutiron, a misalinmu 13+14=27. Kar ka sa ilektiron ciki, sai ka tara kusan 1836 kafin su kai nauyin firoton ɗaya.

Na⁺ da Mg²⁺ duk ilektiron 10 ne, abu ɗaya ne kenan?

Ina! Sodiyam firoton 11, magnesiyam 12.

Me yasa mas ɗin kilorin yake 35.5, akwai rabin nutiron ne?

Wata ɗalibata ce ta yi wannan tambayar aji ya kwashe da dariya, alhali tambaya ce mai kyau. 35.5 ba mas namba bane, matsakaici ne, don kilorin iri biyu ne, mai 35 da mai 37, kuma mai 35 ɗin ya kai kusan kashi 3 cikin 4. In an rubuta Cl⁻ mai mas 37, firoton 17 ne, nutiron 20, ilektiron 18.