Kafin a ɗaura dada a kan gashin da ya sha rilaksa

A zagayen wayar da kai da muke yi a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas, 'yan mata da matan aure suna yawan tambayata ko za a iya fara dada, wato gashin da ake bari ya sarƙe ya zama igiya-igiya, alhali gashi yana ɗauke da rilaksa. Amsar ita ce ana iyawa, amma gashin da aka miƙar da sinadari ba shi da ƙarfin gashin asali, kuma wadda ta yi gaggawa tana iya rasa gashin gaban goshinta.

Rilaksa sinadari ne mai kaifi, dangin sodar da ake haɗa sabulu da ita, kuma aikinsa shi ne tsinka ɗaurin da ke cikin silin gashi wanda yake sa shi ya murɗe. Silin da aka miƙar ba ya komawa yadda yake, ko da an daina shafawa shekara guda. Ita kuwa dada da wannan murɗewar take kamawa, domin silin gashi ne suke sarƙewa da juna a hankali har su zama igiya. Shi ya sa idan aka murza gashi mai rilaksa da tsinin mataji, wankin farko yake warware shi.

Wurin da ya fi damuna shi ne mahaɗar sabon gashin da ya tofo da tsohon da aka miƙar. Nan ne gashi ya fi rauni, nan ne kuma yake tsinkewa idan nauyin dada ya rataya a kansa. Na sha ganin matan da dadarsu ta sirance a tsakiya kamar zare, sannan ta gutsure a hannu lokacin wanki.

Shawarar da na fi amincewa da ita ita ce a daina shafa rilaksa gaba ɗaya, a jira. Gashi yana tsiro kimanin santimita 1 a wata, saboda haka a wata 6 an samu tsawon da zai riƙe murɗi, sai a datse bakin da ya miƙe, a fara da gashin asali. Na san datse gashi yana yi wa mace nauyi, musamman wadda ta yi shekaru tana tara shi. Wadda ba za ta iya ba, sai ta fara da ƙananan kitso irin na kalaba, ko a sarƙe mata tushen da allurar kwarashi, ta riƙa rage bakin kaɗan-kaɗan yayin da sabon gashi yake ƙaruwa. Kada kuma a sake taɓa tushen dada da rilaksa, domin sinadarin yana maƙalewa a ciki, ba ya wankuwa da kyau.

A wurin mai gyaran gashi, idan ja ya kai ki ga ciwon kai ko ƙuraje a bakin goshi, ki ce a sassauta nan take. Jan da ake maimaitawa yana kashe tushen gashi, kuma idan wurin ya yi tabo, babu man da zai dawo da shi.

Danshin Legas ma abin lura ne, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da ruwan sama ya fi ƙarfi. Dada tana riƙe ruwa a cikinta, kuma mu masu lulluɓi muna saurin ɗaura ɗankwali ko hijabi a kan jiƙaƙƙen kai bayan wanka, abin da ke jawo wari da ƙaiƙayi. A tsane ta da tawul, a bari ta bushe sarai kafin a rufe. A guji kakin zuma da mai mai kauri, domin suna tara dauɗa a cikin igiyar.

Idan akwai ƙunar rilaksa, ko makero, ko wani fili da gashi ya zube, a ɗage maganar dada tukuna, a je cibiyar lafiya ta matakin farko da ke kusa. In abin ya ƙi warkewa, a nemi takardar tura mara lafiya zuwa ga likitan fata, kamar a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH da ke Ikeja.