Kariya da tanjelo

Kariya da tanjelo itatuwa ne guda biyu da ake shukawa a lambuna da harabar gidaje a ƙasashe masu zafi. Kariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, ƙaramar itaciya ce ta busassun ƙasashen Afirka da Larabawa, ana shuka ta don furenta. Tanjelo kuwa nau'in lemu ne da aka samar ta hanyar haɗa tanjarin da garehul, ana shuka shi don 'ya'yansa. Ba dangi ba ne: kariya 'yar gida ɗaya ce da tumfafiya da kwankwani, tanjelo kuma ɗan gidan lemun zaƙi da lemun tsami ne. Abin da ya haɗa su shi ne son rana da ƙin sanyi mai tsanani. Babban abin da ya raba su shi ne ruwa, domin ban-ruwan da zai ishi tanjelo shi ne zai ruɓar da kariya.

Asalin kariya

Kariya tana fitowa da kanta a yankin Sahel tun daga Muritaniya da Senegal har zuwa Sudan, da gabashin Afirka, da kudancin tsibirin Larabawa. Mutanen waɗannan wurare sun san ta tun da daɗewa, galibi a matsayin dafi. Shigarta littattafan kimiyya kuwa ta biyo ta wata tafiya mai ban tausayi. A farkon shekarar 1761 Sarki Frederick na Biyar na Denmak ya tura ayarin mutum shida zuwa Masar da Yaman domin binciken ilimi. A cikinsu akwai Peter Forsskål, matashin masanin tsirrai kuma almajirin Linnaeus, shahararren masanin tsirrai na ƙasar Suwidin. Shi ne ya ga itaciyar a Yaman, ya siffanta ta, ya sa mata suna Nerium obesum. Bai koma gida ba, zazzaɓi ya kashe shi a garin Yarim a 1763 yana da shekara 31. Mutum ɗaya tak ya tsira daga ayarin, wato Carsten Niebuhr, wanda ya riƙe amanar takardun abokinsa har ya buga su a 1775. Ba don wannan riƙon amana ba, da aikin ya salwanta gaba ɗaya.

A 1819 wasu masana tsirrai biyu, Roemer da Schultes, suka ware itaciyar a jinsi na kanta, suka kira shi Adenium. Ana danganta sunan da birnin Adan na Yaman. Kalmar obesum kuma tana nufin mai ƙiba, saboda kumburin gindinta.

Masana ba su daidaita a kan yawan nau'o'in jinsin ba. Wasu suna ganin nau'i ɗaya ne mai rassa, wasu biyar, wasu fiye da goma.

Siffa da dafi

A dawa tsayin kariya yakan kai mita 1 zuwa 3. Gindinta kumburarre ne mai santsi, launin toka, kuma a nan take adana ruwan da zai kai ta ƙarshen rani. Ganyenta yana taruwa a bakin rassa, yakan zube idan fari ya yi tsawo. Sau da yawa a daidai wannan lokaci ne take fure, tana tsirara ba ganye, abin da ya sa ake hango ta daga nesa a cikin busasshen daji. Furen kamar bakin kakaki yake, mai kunnuwa biyar, ja a gefe, fari-fari a ciki. 'Ya'yanta kwanso biyu ne a haɗe kamar ƙahonin sa. Idan sun bushe sai su tsage, iska ta kwashe irin, wanda ke da gashi a kowane gefe. Kariyar da ke tsibirin Sokotra na Yaman ta fi sauran girma nesa ba kusa ba, gindinta yakan fi mita 1 a faɗi.

Duk jikinta guba ne. Ruwanta yana ɗauke da sinadarai masu taɓa bugun zuciya, shi ya sa maharba a sassa da dama na Afirka suka yi ta dafa shi suna shafa wa kibiya, wasu kuma suna kashe kifi da shi. Wannan ba abin wasa ba ne ga mai ƙananan yara ko dabbobi a gida. Wanda ya yi mata aski ya wanke hannu, ya kuma kiyaye idonsa.

Asalin tanjelo

Tarihin tanjelo a rubuce yake dalla-dalla, domin a tashar bincike aka haife shi. A hunturun 1894 zuwa 1895 wani mummunan sanyi ya halaka mafi yawan gonakin lemu na jihar Florida a Amurka. Bayan wannan asara, masana biyu na ma'aikatar gona ta ƙasar, Walter T. Swingle da Herbert J. Webber, suka duƙufa wajen haɗa irin lemu daban-daban, suna ɗaukar garin furen wannan suna sa wa wancan. Haɗin tanjarin da garehul na farko Swingle ne ya yi shi a garin Eustis a 1897, Webber ya biyo baya a 1898. Sunan ma haɗi ne: rabinsa daga tanjarin, rabinsa daga pomelo, babban lemun nan na kudu maso gabashin Asiya.

Iri biyu ne suka fi shahara, kuma iyayensu ɗaya, garehul irin Duncan da tanjarin irin Dancy. Orlando ya fito daga haɗin da aka yi a 1911. Minneola kuma an fitar da shi ga manoma a 1931, shi ne mai ɗan wuya a sama kamar ƙararrawa, mai jan ɓawo da yawan ruwa, da zaƙi gauraye da ɗan tsami. Garehul ɗin kansa ruwa biyu ne, na pomelo da lemun zaƙi, an fara ambatonsa a tsibirin Barbados wajen 1750. Akwai kuma wani tanjelo mai kaushin ɓawo da aka tsinta ya fito da kansa a Jamaika, wataƙila tsakanin 1914 da 1920, ana sayar da shi da sunan Ugli.

Aure da reno

Mutane sukan ɗauka cewa kariya 'yar daji ce zalla, tanjelo kuwa aikin hannun mutum. A lambun yau wannan bambanci ya kusa gushewa. Mafi yawan kariyar da ake sayarwa a tukwane haɗaɗɗun iri ne da masu reno suka fitar, musamman a Tailan da Taiwan, masu fure fari ko ja wur ko mai ninki-ninki. Irin waɗannan ba sa maimaita kamanninsu idan an shuka ƙwayarsu, sai dai a yi musu aure a kan gindin wadda aka tsirar daga iri. Dalilin zaɓen wannan gindin shi ne wadda ta fito daga iri ta fi saurin yin tulu, wadda aka dasa daga reshe kuwa takan daɗe siririya.

Tanjelo ma da aure ake yaɗa shi. Ana yanko ido ɗaya daga reshe a saka shi ƙarƙashin ɓawon wani lemu mai ƙarfin saiwa. Ɗan aure yakan fara haihuwa cikin kimanin shekara uku, na ƙwaya kuwa yakan ninka haka. Ɗaya daga cikin gindayen da aka fi amfani da su sunan Swingle yake ɗauke da shi: shi ya haɗa irin a 1907, amma ba a fitar da shi ga manoma ba sai 1974, shekaru da dama bayan rasuwarsa.

A lambu

Kariya tana son ƙasa mai yashi da tsakuwa, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. A lokacin zafi, sa'ad da take toho, tana shan ruwa sosai in dai ƙasar ta bushe tsakanin ban-ruwa da ban-ruwa. Da sanyi ya shigo ta zubar da ganye, sai a janye mata hannu kusan gaba ɗaya. Yawancin kariyar da ke mutuwa a lambu ba ƙishirwa ce ke kashe ta ba, yawan kulawa ne: gindin ya yi laushi, ya ruɓe daga ƙasa. Ba ta jure sanyin da ya gaza digiri 10 na ma'aunin Salshiyas na tsawon lokaci. Tukunya mara zurfi ta ishe ta shekara da shekaru.

Tanjelo bishiya ce sosai, tana buƙatar fili na mita 6 ko fiye tsakaninta da maƙwabciyarta, da ƙasa mai zurfi, da taki a kai a kai. Ba ta da rumbun ruwa a jikinta. Idan ta yi ƙishirwa lokacin fure ko lokacin da 'ya'ya ke ƙanana, sai ta zubar da su. Ita ma ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Ta fi kariya juriyar sanyi, musamman irin Orlando. Akwai wani sharaɗi da masu shuka bishiya ɗaya tilo sukan manta: Minneola da Orlando ba sa haihuwa da kyau da garin furensu kaɗai, kuma ba sa amfanar juna, sai an sami wani lemu kamar irin Temple a kusa, da ƙudan zuma masu kai-kawo. A wuraren da dare ba ya sanyi, ɓawon yakan tsaya kore-kore ko da cikin ya nuna.

Saboda haka ba a haɗa su a kwami ɗaya ko layin ban-ruwa ɗaya. Mai son duka biyun yakan bar tanjelo a ƙasa, ya ɗora kariya a tukunya ko a kan tudu, nesa da inuwar lemun.

Cututtuka

Kariya tana fama da darɓa da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye. Minneola yana saurin kamuwa da wata cutar ɗigo-ɗigo mai ɓata ganye da ɓawo a wurare masu laima. Cutar da ta fi tsanani ga dukan dangin lemu ita ce huanglongbing, wadda wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa. An gano ta a Florida a 2005, kuma bishiyar da ta kamu ba ta warkewa.