Sababbin magungunan kemo ga sankarar mama da ta yaɗu: tambayoyi da amsoshi

Me ake nufi da sankarar mama da ta yi nisa?

Ita ce wadda ta tsallake mama ta kama wasu sassan jiki, galibi ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiranta mataki na huɗu. A nan ba kasafai ake zancen warkewa kwata-kwata ba. Abin da ake nema shi ne a danne cutar, a rage raɗaɗi, a ƙara wa mara lafiya lokaci tana kan ƙafafunta.

Waɗanne magunguna ne ake ce wa sababbi?

Cikin magungunan kemo, wato masu kashe ƙwayoyin sankara, waɗanda aka daɗe da su sun haɗa da doxorubicin, paclitaxel da docetaxel, kuma har gobe ana amfani da su. Matsalar ita ce sankara kan saba da magani, sai ya daina ci. Daga nan ne waɗanda suka biyo baya ke shigowa.

Akwai capecitabine, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1998. Ƙwaya ce da ake haɗiya a gida safe da yamma bayan cin abinci, yawanci mako biyu ana sha, mako ɗaya ana hutawa. Bai cika zubar da gashi ba. A 2005 aka samu Abraxane, wato paclitaxel ɗin da aka sani, amma an haɗa shi da sinadarin albumin maimakon ruwan da ake narkar da shi a ciki a da, wanda ke sa jikin wasu ya yi bore. Sai eribulin a 2010, wanda aka kwaikwayo daga wani sinadari da ke jikin soson teku. A gwajin EMBRACE, matan da suka riga suka sha kemo iri-iri sun rayu matsakaicin wata 13.1 da eribulin, waɗanda aka ba wasu magungunan kuma wata 10.6. Wata biyu da rabi ba abin kai wa kasuwa ba ne a idon mai lafiya, amma ga wadda magunguna suka ƙare mata, ba ƙaramin abu ba ne.

Ana maganar kemo mai bin sawun cuta. Yaya yake aiki?

A ganina nan ne ainihin ci gaban yake. Kemo na da yana bin jini ya afka wa duk ƙwayar halittar da ke saurin rarrabuwa, shi ya sa gashi, cikin baki da ɓargo ke shan wahala tare da cutar. Sabuwar dabarar ita ce a ɗaura gubar a jikin wani sinadarin garkuwa da ke gane alama a bayan ƙwayar sankara. Kamar ɗan aike ne riƙe da adireshi: sai ya manne da ƙwayar, ta haɗiye shi, sannan gubar ta kwance a cikinta.

Cikin irin waɗannan magunguna, Kadcyla ya fito a 2013 domin sankara mai yawan wata alama da ake kira HER2. Enhertu ya biyo baya a 2019, ya zo da wani abin mamaki: gubarsa na iya ratsawa daga ƙwayar da ta kashe ta kama maƙwabtanta. Saboda haka a 2022 aka amince a ba masu ƙarancin HER2, waɗanda a baya ake lissafa su cikin marasa alamar. A gwajin DESTINY-Breast04 sun rayu matsakaicin wata 23.4, masu kemo na yau da kullum kuma wata 16.8. Trodelvy, wanda aka amince da shi a 2020, yana bin wata alama mai suna Trop-2, kuma ya fara taimaka wa masu sankarar da ba ta jin maganin homon (mai toshe sinadaran jikin mace da ke ciyar da wasu sankarori), ba ta kuma da HER2, irin sankarar da ta fi sauran taurin kai.

Ke nan ba su da illa?

Suna da ita, kowanne da irin tasa. Capecitabine na sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su yi zafi, fata ta tsattsage har ɓalle maɓalli ya gagara. Eribulin na kawo mutuwar yatsu da jin kamar ana tsira allura. Trodelvy na jawo gudawa da raguwar fararen ƙwayoyin jini. Enhertu kuwa na iya kumbura huhu, kuma ya taɓa yin ajalin wasu, don haka busasshen tari ko haki ba abin jira zuwa ranar ganin likita ba ne. Haka zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga mai shan kemo: asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Me ya sa likita ba ya haɗa biyu ko uku a gama da cutar?

Haɗawa kan sa ƙari ya motse da sauri, amma wahalar ta ninku, kuma sau da yawa ba ya ƙara tsawon rai. Shi ya sa aka fi son a ba da ɗaya, in ya daina aiki a koma wani. Ana haɗawa ne idan cutar na gudu, misali hanta na neman tsayawa.

Wanne ya kamata mara lafiya ta nema?

Gwajin tsokar da aka gutsuro ne ke yanke hukunci, ba sabuntar magani ba. Mace mai sankarar da ke jin homon sau da yawa ba da kemo ake fara mata ba, sai an gwada magungunan homon tukuna. Wadda aka daɗe da yi wa gwaji aka ce ba ta da HER2, ya dace ta tambayi likita ko sakamakon sifili ne ko kuwa kaɗan ne, domin yanzu bambancin na iya sauya maganin da za a ba ta.