Mashigan Duwatsun Schwarzwald

Schwarzwald, wanda ake kira Baƙin Daji, yanki ne na tsaunuka da dazuzzuka a jihar Baden-Württemberg da ke kudu maso yammacin Jamus. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 160, daga wajen garin Pforzheim a arewa har zuwa kogin Rhine a kan iyakar Suwizalan, kuma dutsen da ya fi tsayi a cikinsa shi ne Feldberg mai mita 1,493. Mashigansa su ne wuraren da doron tsauni ya ɗan kwanta tsakanin tuddai biyu, har hanya ta samu ketarawa daga wani kwari zuwa wani. Bukatar fatauci da jigilar katako ce ta buɗe yawancinsu, amma a yau masu tattaki da mahaya keke suna cikin waɗanda suka fi cin moriyarsu.

Yanayin ƙasa

Kwancin ƙasar yankin ba ɗaya ba ne a ɓangarorinsa biyu. Ta yamma, inda ƙasa ta burma ta zama kwarin Rhine, duwatsun sun miƙe tsaye, don haka hanyar da ta taso daga Freiburg ko Waldkirch, garuruwan da ba su kai mita 300 sama da teku ba, takan hau kusan mita 1,000 cikin tafiyar da ba ta wuce kilomita 12 zuwa 20 ba. Ta gabas kuwa ƙasar gangarawa take yi sannu a hankali zuwa wajen da koguna biyu, Brigach da Breg, suke haɗuwa su zama Danube. Wannan ne ya sa mashigi ɗaya yakan zama jan aiki ga wanda ya taso daga yamma, ya kuma zama hawa mai sauƙi ga wanda ya fito daga gabas, kuma duk mai tsara tafiyar keke a yankin da wannan lissafin yake farawa.

Mai keke da mai tafiya a ƙafa ba iri ɗaya suke ganin mashigi ba. Kwalta ketare doron tsauni take yi, saboda haka ga mai keke mashigin shi ne ƙarshen hawa, inda zai tsaya ya sha ruwa ya sa rigar iska kafin gangara. Manyan hanyoyin ƙafa kuwa doron suke bi a tsawonsa, don haka mai tattaki saukowa yake yi zuwa mashigin, ya tarar da masauki da tashar bas, sannan ya sake hawa ta ɗaya gefen.

Mashigan kudu

A kudu duwatsun suka fi tsayi. Mashigin Feldberg, mai kimanin mita 1,230, yana kan babbar hanyar B 317 tsakanin Todtnau da tafkin Titisee. Kwaltarsa tana da faɗi kuma hawansa ba ya tsanani, sai dai yawan motoci yana rage masa daɗi ga mai keke. Masu tattaki sun fi amfana da shi, domin daga nan ake kama hanyar ƙololuwar Feldberg da ta Herzogenhorn mai mita 1,415.

Notschrei, mai kimanin mita 1,120, ya haɗa kwarin Dreisam ta wajen Oberried da kwarin Wiese ta wajen Todtnau. Mutanen Todtnau da ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda suka shahara da sana'ar yin burushi, sun shafe shekaru da dama suna kai koke ga gwamnatin tsohuwar ƙasar Baden a Karlsruhe cewa a yi musu hanyar da keken doki zai iya bi zuwa kasuwar Freiburg, domin tsohuwar hanyar ta yi tsaye da yawa ga kaya masu nauyi. An buɗe sabuwar a shekarar 1848, kuma akwai dutsen tunawa da hakan a bakin hanya. Da yake don dawaki masu jan kaya aka shata ta, hawanta a daidaice yake, ba ya zabura, abin da masu keke ke yabawa har yau. Yamma da nan akwai Wiedener Eck mai mita 1,035, ƙofar dutsen Belchen mai mita 1,414.

Hanyoyi biyu da mahaya keke suka fi ambato ba mashigai ba ne a tsantsar ma'ana, tunda kusa da ƙololuwa suke wucewa, amma ana lissafa su tare da sauran. Ta farko ita ce ta Schauinsland, dutse mai mita 1,284 da ke cikin iyakar birnin Freiburg, inda aka riƙa tseren motoci daga 1925 zuwa 1984. Kwanoninta suna da yawa ƙwarai, kuma an hana babura bin ta a ranakun Asabar da Lahadi da ranakun hutu daga Afrilu zuwa farkon Nuwamba saboda yawan haɗari, wanda hakan ya zama gaba ta kai su ga masu keke. Ta biyu ita ce ta Kandel daga Waldkirch, mai kimanin kilomita 12 da hawan da ya haura mita 900, wato kusan kashi 8 cikin 100, hawan mita 8 a kowace tafiyar mita 100, babu wurin hutawa. Da wuya a sami hawa mai cin ƙarfi kamarta a duk yankin.

Mashigan arewa

Arewacin yankin bai kai kudu tsayi ba, Hornisgrinde mai mita 1,164 shi ne mafi tsayi, kuma saman tsaunukan shimfiɗaɗɗe ne, na jan dutsen yashi, da filayen ciyawa da fadamu a inda kiwo ya hana itatuwa tsirowa. A kan wannan doron aka yi hanyar Schwarzwaldhochstraße, wato B 500, mai kimanin kilomita 60 daga Baden-Baden zuwa Freudenstadt, wadda ta ɗinke mashigan arewa da juna.

Ruhestein, mai kimanin mita 915, ya haɗa kwarin Acher da kwarin Murg ta wajen Baiersbronn, kuma nan ne tsohuwar iyakar Baden da Württemberg. A nan aka gina cibiyar baƙi ta gandun dajin ƙasa da aka kafa ranar 1 ga Janairun 2014. Kudu da shi akwai gajeriyar hanyar ƙafa ta Lotharpfad, wadda aka yi da katako da matakala ta bi ta kan itatuwan da guguwar Lothar ta kayar ranar 26 ga Disambar 1999. An bar su a inda suka faɗi, sayyunsu a sama, kuma sabon daji ya tsiro a tsakaninsu ba tare da an dasa ko ɗaya ba.

Kniebis tsohuwar hanyar fatake ce tsakanin Strasbourg da ƙasar Württemberg, kuma ganuwar Alexanderschanze da aka gina a 1734 a zamanin sarkin Württemberg Karl Alexander tana nuna irin muhimmancin wurin a lokacin yaƙi. Hawan Oppenauer Steige, daga Oppenau zuwa Zuflucht, yana kaiwa kashi 18 cikin 100 a wasu wurare, kuma a da sai an ƙara dabbobin ja kafin keken kaya ya haye shi.

Alamomi, dokoki da lokacin tafiya

Ƙungiyar Schwarzwaldverein, wadda aka kafa a Freiburg a 1864, ita ke kula da hanyoyin ƙafa na kimanin kilomita 24,000. Alamarta 'yar ƙaramar siffa ce mai kusurwa huɗu a kwance kan farin fili, da ake kafawa a jikin itace ko turke: rawaya ga hanyoyin cikin gida, shuɗiya ga na yanki. Ja kuwa ta Westweg ce, hanyar da aka shata a 1900 daga Pforzheim zuwa Basel, mai kimanin kilomita 285, wadda ke bi ta Ruhestein da Alexanderschanze, kuma reshenta na yamma ya ratsa Feldberg da Notschrei da Wiedener Eck.

Dokar gandun daji ta jihar ta hana hawa keke a kan hanyar daji da faɗinta bai kai mita 2 ba, sai inda hukuma ta ba da izini ta sa alama. Masu keken tsauni sun daɗe suna sukar wannan doka, domin ƙananan hanyoyin da ta rufe su ne suka fi so, kuma saboda haka ne wasu garuruwa, ciki har da Freiburg, suka keɓe musu hanyoyin gangara na kansu.

Daga Mayu zuwa Oktoba ne lokacin da ya fi dacewa. Ana share manyan hanyoyin kwalta a lokacin sanyi, amma dusar ƙanƙara takan kwanta a saman Feldberg har cikin Afrilu. A Oktoba da Nuwamba sau da yawa hazo yakan cika kwarin Rhine alhali rana tana haskawa a sama, har a hango tsaunukan Alps daga Belchen. Baƙon da ya kwana a yawancin garuruwan yankin yana samun katin KONUS na hawa bas da jirgin ƙasa na yankin kyauta, kuma jirgin ƙasa yana kaiwa har tashar Feldberg-Bärental mai mita 967, inda bas ke ɗaukar mutane zuwa mashigin Feldberg.