Kuɗin cunkoso a madadin harajin mai: yadda abin yake a Amurka

Tun shekarar 1993 harajin da gwamnatin tarayyar Amurka ke karɓa a kan kowace galan ta fetur yake tsaye a santi 18.4, kuma da shi ne ake cika asusun manyan hanyoyi da aka kafa a 1956. A tsawon wannan lokaci kwalta da ƙarfe da ladan ma'aikata sun yi tsada, motoci sun rage shan mai, masu aiki da lantarki kuwa ba ruwansu da gidan mai, har ta kai ga tun 2008 majalisar dokoki ke ɗebo kuɗi daga baitulmali domin cike giɓin asusun.

Masu goyon bayan kuɗin cunkoso, wato kuɗin da direba ke biya idan zai shiga wurin da motoci ke cunkushewa, suna ganin aibin harajin mai shi ne bai san inda direba ya bi ko lokacin da ya bi ba, domin wanda ya ratsa tsakiyar birni da hantsi da wanda ya bi hanyar ƙauye da tsakar dare duk abu ɗaya suke biya. Sabon tsarin yana ɗaura farashi ne a kan wuri da lokaci, ta yadda mai iya ɗage tafiyarsa ko shiga jirgin ƙasa zai bar wa wanda tafiya ta zame wa dole hanya.

Birnin New York ya fara aiki da shi ranar 5 ga Janairun 2025, bisa dokar da jihar New York ta kafa a 2019. Ƙaramar mota da ta shiga yankin Manhattan na birnin daga titi na 60 zuwa kudu tana biyan dala 9 sau ɗaya a yini ta na'urar biyan kuɗin hanya ta E-ZPass da ake maƙalawa a mota, da dare kuma dala 2.25, kuma an yi wa masu ƙaramin ƙarfi rangwame. Singafo ta riga kowa fara irin wannan tsari tun 1975, Landan ta biyo baya a 2003.

Sai dai akwai abin lura: dokar New York ta keɓe kuɗin ne ga hukumar sufuri ta MTA domin gyaran jiragen ƙasa da motocin bas, kuma ba ta soke harajin mai ba, direba yana biyan duka biyun. Ko da an karkatar da kuɗin zuwa tituna, hanyar karkara da ba ta san cunkoso ba ba za ta tara abin da zai gyara ta ba, dole a nemo mata kuɗi daga wata kafar.