Dokar Kalifoniya Kan Akwatin Zuƙe Hayaƙi: Yaushe Ne Ya Halatta a Rage Iska?

Akwatin zuƙe hayaƙi shi ne wurin da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje yake sarrafa sinadarai masu guba a bayan ƙofar gilashi, fanka kuma tana jan tururinsu tana fitarwa waje. Tsadarsa tana zuwa ne daga iskar da yake ja, domin iska ce da aka riga aka kashe wuta wajen sanyaya ta ko ɗumama ta, kuma dole a shigo da wata a madadinta dare da rana. Masu bincike a cibiyar binciken kimiyya ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya sun ƙiyasta cewa akwati ɗaya yana cin makamashin da ya haura na gidaje uku a Amurka.

Dokar kare ma'aikata ta jihar Kalifoniya, a sashe na 5154.1, ta wajabta cewa matsakaicin gudun iska a bakin akwatin ya kai ƙafa 100 a minti ɗaya, kuma kada ya gaza 70 a ko'ina a bakin. Sai dai ta yi sassauci guda: idan babu kowa kusa da akwatin, ana iya saukar da matsakaicin gudun iskar zuwa 60.

Sharuɗɗan wannan sassauci su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu. Na'ura ce za ta rage iskar, ita ce kuma za ta mayar da ita 100 da zarar mutum ya matso, ba tare da an taɓa komai ba, domin wanda ya shigo riƙe da kwalbar asid hankalinsa yana kan kwalbar. Haka nan wajibi ne a gwada akwatin a kan ragaggen gudun, bisa tsarin gwajin irin waɗannan akwatuna da ake kira ASHRAE 110, inda ake sakin wata iskar gwaji a ciki, a auna abin da ya tsere zuwa hancin mutum-mutumin da aka tsayar a gabansa, sannan a adana sakamakon. A ganina wannan sharaɗi ne ya fi nauyi, saboda gudun iska kaɗai ba ya tabbatar da cewa akwatin yana riƙe guba. Buɗe ƙofar ɗaki ko wucewar mutum da sauri na iya janyo tururi waje.

Saura kuma yana hannun ma'aikaci. A akwatunan da ke daidaita iska gwargwadon buɗewar gilashi, sauke shi bayan an gama aiki yana rage cin wuta, yana kuma tare tartsatsi idan wani abu ya fashe a ciki.