Waiwaye: Paul Robeson da fim ɗin da ya bar masa tabo

A 1935 aka fara nuna wani fim a Landan mai suna Sanders of the River, labarin wani Baturen mulki a Najeriya da wani sarki mai suna Bosambo da ke yi masa biyayya sau da ƙafa. Wanda ya fito a matsayin Bosambo shi ne Paul Robeson, baƙar fatar Amurka da a lokacin babu kamarsa a dandalin wasan kwaikwayo na Ingila.

An haife shi a garin Princeton na Amurka a 1898. Mahaifinsa bawa ne da ya gudu daga hannun iyayengijinsa yana saurayi, daga baya ya zama limamin coci. Ɗan ya yi fice a jami'ar Rutgers, a aji da filin ƙwallo, ya karanta shari'a a jami'ar Columbia, amma wariyar launin fata ta sa aikin lauya ya fita daga ransa. Sai ya koma dandali da muryar nan tasa mai kauri. A 1930 ya fito a matsayin Othello, jarumin wani wasan kwaikwayo na Shakespeare, a gidan wasa na Savoy da ke Landan, tare da 'yar wasan Ingila Peggy Ashcroft.

To me ya kai mutum irin wannan ga fim ɗin Bosambo? Son Afirka ne. Yana nazarin harsunan nahiyar a Landan, kuma an nuna masa hotunan raye-raye da kaɗe-kaɗen da aka ɗauko daga Afirka, ya zaci za a fito da martabar mutanen. Ɗan Najeriya Orlando Martins na cikin 'yan wasan, har Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya shugabanci Kenya, ya ɗan leƙo. Da aka gama haɗa fim ɗin, sai ga shi ya koma kirari ga mulkin mallaka: Bature ne mai hankali, baƙi kuwa yara ne da sai da mai tsawata musu. Robeson ya fito fili ya barranta da shi. A ganina wannan ne darajarsa, domin da yawa sun karɓi kuɗinsu sun ja bakinsu sun yi shiru.

Daga nan ya fara kafa sharaɗi kafin ya amince da kowane fim, a 1942 kuma ya daina fitowa a finafinai gaba ɗaya saboda irin rawar ƙasƙanci da ake ba baƙaƙe. Dandali ne ya riƙe shi. Othello ɗin da ya fara a Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, a 1943 an nuna shi sau 296.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu siyasarsa ta ja masa. Yana goyon bayan 'yancin Afirka da ƙungiyoyin ƙwadago, yana kuma yabon Tarayyar Sobiyat, yabon da har yau ake yi masa ƙorafi a kai saboda shirun da ya yi kan zaluncin shugabanta Stalin. A 1950 gwamnatin Amurka ta ƙwace fasfonsa, gidajen wasa suka rufe masa ƙofa. Da wani kwamitin majalisa ya tambaye shi a 1956 me ya hana shi zama a Rasha, ya ce mahaifinsa bawa ne, mutanensa sun mutu wajen gina ƙasar, don haka yana nan daram. A 1957 ta wayar tarho ya rera wa mahaƙan kwal na Wales waƙa, suna zaune a zaure suna sauraro daga hayin teku.

An mayar masa da fasfon a 1958, amma rashin lafiya ta riga ta fara cin ƙarfinsa. Ya rasu a Philadelphia a watan Janairun 1976.